Tuluna a Kwance

Guangzhou,
21 ga Afrilu, 2008.

Zuwa ga Kawu Munkaila,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna Yalwa da duk mutanen gida. Yaya kunnen? Na so in kira waya, sai na tuna kiran da na yi da Sallah, ina ta ihu a tsakiyar kasuwar Shahe har 'yan China suka ɗauka faɗa nake, kai kuma kana ta tambayar wane ne. Shi ya sa na koma takarda. Alhaji Kallamu na kasuwar Kwari zai kawo maka ita hannu da hannu.

Ni lafiyar jiki ƙalau, hankali ne ba a kwance ba. Wasannin Olamfik da za a yi a watan Agusta a Beijing ne, mu muna nan kudu, amma mu abin ya fi shafa. An tsananta sabunta biza, ana tare baƙar fata a hanya ana duba fasfo. Tawa za ta ƙare ƙarshen Agusta, na je sau biyu an ce meyo, wato babu. Kalmar nan ita na fara koya a ƙasar nan, ina jin ita zan ji ta ƙarshe.

Ka san aikina, ko da ba ka son jin sunansa. 'Yan kasuwa su zo daga Kano ko Maraɗi da ƙyallen atamfa a aljihu, ni in kai su kamfani, a kwaikwaya, a buga, a cika kwantena a tashar jiragen ruwa ta Nansha. Shekara shida ke nan. To wani mai kamfani da muke kira Lawban Fang ya gaji da kwaikwayo, don duk abin da ya buga maƙwabcinsa ma ya buga. Wai yana son mai zane na kansa, wanda ya san abin da matanmu ke so. In na kawo masa sababbin zane, aka buga samfur kafin ƙarshen Yuli, masu saye suka yaba, zai ɗauke ni aiki ya nema mini takardar zama. Da ya tambaya ko na iya zane, sai bakina ya riga hankalina, na ce wajen gwani na koya.

Ban yi ƙarya ba. Zumuncinmu na nesa ne, kai ɗan wan kakata ne, amma shekara uku da na yi a zaurenka ina riƙe da fensir sun fi mini na kusa. Sai dai rabona da zane tun ranar da na hau jirgi. Jiya na sayi takarda na zauna, hannuna ya yi kamar ba nawa ba.

Don haka ga roƙona. Babban littafin nan naka mai baƙar bango, wanda ka tara zanen da masaƙarku ba ta kai ga bugawa ba, ka ba Alhaji Kallamu ya taho mini da shi. Guda goma kawai zan zaɓa. Suna nan a akwati asu na ci, ni kuma ga wuƙa a wuya. Ka taimaki ɗanka.

A gaida Inna Yalwa, a ce mata har yanzu ban ci kwaɗo ba.

Naka,
Shitu.


Kano,
9 ga Mayu, 2008.

Ɗana Shitu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun ji daɗin jin lafiyarka. Mu ma lafiya lau. Kunne yana nan yadda injin masaƙa ya bar shi, Yalwa ta ce abin da ba na son ji ne kawai ba na ji. Zafi ya yi yawa, ruwa sau ɗaya aka yi. Shekaranjiya na bi ta gaban masaƙa a hanyar asibiti, ciyawa ta cinye ƙofar.

Maganar biza ta dame ni, kuma na sa ka a addu'a. Maganar littafi kuwa, ba zan aiko ba. Gara in faɗa maka a layi ɗaya da in yi ta kewaye-kewaye.

Ka tuna ɗan littafin nan da malamina ya ba ni lokacin da aka tura mu Jamus koyon zanen yadi, na wani tsohon marubucinsu da ya mutu tun kafin a haifi kakannina? Wanda kake cewa ina karanta shi kamar mai neman lahani a cikinsa? Har yanzu ina juya maganganunsa da Hausata a bayan kalanda. Akwai inda ya ce wanda ya ari idon wani ya yi gani, ranar da mai ido ya karɓi abinsa sai an ja shi da sanda. Mu ma mun riga mun ce kayan aro ba ya rufe katara, sai dai Bajamushen ya fi mu rashin kunya wajen faɗi.

Ka lissafa da kanka. Ka ba mutumin nan goma nawa, ya yaba, ya ɗauke ka. Wata uku ya ce kawo wasu, ka sake buɗe littafi. Zane sittin da huɗu ne a ciki. Ran da suka ƙare fa? Za ka zauna a ƙasar mutane da sunan mai zane, kana jin tsoron farar takarda kamar yadda kake jin tsoron ɗan sanda yanzu. Ban ga hutu a nan ba.

Ka ce hannunka ya yi kamar ba naka ba. Tsohon nan ya ce hannu ba ya manta aiki, mai hannun ne ke jin kunyar a ga farkon aikinsa. Ka ɓata takarda ɗari, babu wanda zai kai ka ƙara. Kuma kada ka zauna kana tunanin abin da zai burge Lawban. Ka zana abin da ka sani har ba ka ganinsa.

Yalwa na gaishe ka, ta ce kwaɗo ma nama ne in yunwa ta yi yunwa.

Kawunka,
Munkaila.


Guangzhou,
24 ga Mayu, 2008.

Kawu,

Bayan gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Na karanta takardarka a tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Tianhe, sai da jirgi biyu suka wuce ni.

Na roƙi igiya, ka aiko mini da wa'azin Bajamushe. Shi wannan tsoho naka ya taɓa tsayawa a layin biza? An taɓa buga masa ƙofa ana neman fasfo? Makon jiya an kwashe mutum huɗu a benenmu, ɗaya ko takalmi bai sa ba. Mai ƙoshi ne ke da lokacin tsara magana.

Kuma na gane zancen ciyawa. Ba sai ka ɓoye shi a cikin labarin zafi da ruwa ba. Kana nufin mu muka rufe masaƙarku, mu masu kawo atamfar China. To ni ban ƙera inji ba, ban kashe wutar lantarki a Kano ba, ban buɗe iyaka ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ni kuwa ko maratayin ban kai ba, ɗan rakiya ne. In saboda haka ka hana ni littafin, ka faɗa mini sarai, kada ka laɓe bayan mataccen Bature.

Raina ya ɓaci, Kawu, ba zan ɓoye ba. Ranar da zan taho ka ce duk abin da ya same ni in rubuto. Ga shi na rubuto. Ka riƙe littafinka, Allah ya ba asu lafiyar ci.

Shitu.


Guangzhou,
27 ga Yuni, 2008.

Zuwa ga Kawu Munkaila,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna Yalwa. Wata guda da kwana uku ban ji daga gare ka ba. Duk wanda ya sauka daga Kano sai na tare shi, ko da yake masu saukar ba su da yawa. Na sani na yi maka rashin kunya. In fushi kake, kana da gaskiya. In ciwo ne, don Allah a sanar da ni, shirun nan ya fi zagi zafi.

Na tashi daga tsohon ɗakina, na koma wani lungu a bayan kasuwar kayan lantarki, inda 'yan sanda ba su cika shiga ba. Layin wayata ma na yar, don an ce ana bin layuka. Ban sani ba ko gaskiya ne, a nan kowa da jita-jitarsa. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, tufafi ba sa bushewa. Ba na iya zama wuri ɗaya, in na shiga ɗaki sai in ji kamar in fita, in na fita sai in ji kamar ana kallona.

Amma ga labari. Don haushinka na ɗauki fensir, na ce bari in nuna wa tsohon nan. Takarda ɗarin da ka ce in ɓata, na ɓata ta da ɗoriya. Furanni na fara yi, duk suka fito irin na labulen otal. Ran nan ina shan shayi a shagon wani Musulmin China, na ga ya ajiye wata tukunyar ƙasa a kusurwa, sai tulun mahaifiyata ya faɗo mini, wanda ke gindin bango da moɗa a kife a bakinsa. Na zana shi a bayan takardar abinci. Daga nan hannu ya saki.

Yanzu ina da bakwai. Wanda na fi so shi ne na tuluna, a jere, manya da ƙanana, ruwan ƙasa a kan shuɗi, da ganyen giginya a tsakaninsu. Lawban Fang ya daɗe yana kallonsa, ya ce da shi za a fara. Masu injinsa sun nuna mini yadda zan shimfiɗa shi a takardar aiki, da layin gefe dama da hagu, yadda suke yi wa duk yadin da suke bugawa. Ranar ashirin da takwas ga Yuli zai tara manyan masu saye a nuna musu samfur.

Ga kwafi na sa a ambulan. Ba yabo nake nema ba. To, ƙarya nake, yabon nake nema. Shekara uku a zaurenka, abin da ya fi girma da ka taɓa ce mini shi ne "ba laifi, sake."

Ɗanka,
Shitu.


Kano,
11 ga Yuli, 2008.

Ɗana Shitu,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, babu ciwo, kuma ba fushi ba ne. Masu tahowa gida daga wajenku sun yi yawa, shi ya sa takardunka biyu suka iso. Masu tafiya ne babu. Alhaji Kallamu ya yi mako biyar yana zarya Legas kan biza, sai yanzu aka ce ya dawo mako mai zuwa. Na rubuta maka amsa tun watan jiya, ta zauna a aljihunsa har ta yi laushi, na karɓe na yaga don wannan ta fi ta gaggawa.

Zancen ciyawa, na faɗi ciyawa ne don ciyawa na gani. Da ina zarginka da sai in kira sunanka, ka san ni.

Yanzu ka bar komai ka saurara. Kada a buga tulunan nan yadda suke. Na duba layin gefen da ka ja, dama da hagu, tuluna kuma suna tsaye a tsakani, bakinsu na kallon tsawon yadi. Haka ake yi wa labule, don labule a tsaye ake rataye shi. Mace ba ta rataye atamfa. Tsawon ne ke zagaye ƙugunta, gefe ɗaya ya hau ciki, ɗayan ya sauka idon sawu. Duk abin da ka tsayar a takardar nan zai kwanta a jikinta. Ka juya su, gindin tulu ya dubi gefe.

Ba laifin masu inji ba ne, su ba su taɓa ganin an ɗaura zani ba. Kai ma shekara shida ƙyalle kake gani, tafin hannu guda, ba ka ganin turmi a jikin mutum. Bajamushen da ka zaga yana cewa aiki bai gama ba sai ya je inda za a yi amfani da shi ya dawo. Nemi mace ko ɗaya a garin nan, ba ta yadi shida na farin ƙyalle, ka zana tulu ɗaya da gawayi, ta ɗaura ka gani.

Yalwa ta kira lambarka sau bakwai don ta faɗa maka da baki. Wata mata ce ke ɗauka tana maganar China, kullum magana ɗaya. Ka yar da layi, ba ka rubuto sabon ba. Wayon tsoro ke nan.

Ina roƙon Allah takardar nan ta riga ranar.

Kawunka,
Munkaila.


Guangzhou,
2 ga Agusta, 2008.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Alhaji Kallamu ya sauka ranar talatin ga wata. An nuna samfur ranar ashirin da takwas. Ihu bayan hari.

Bari in ba ka labarin yadda aka yi, don in ban faɗa wa wani ba zai kashe ni. Lawban Fang ya tara mutum goma sha biyu a ofishinsa, ya kawo shayi da 'ya'yan itace. An rataye samfurin a bango daga sama har ƙasa. Kawu, ya yi kyau. Shuɗin ya fito yadda nake so, tuluna sun jeru kamar a bakin rijiya. Maza suka yi ta taɓawa suna gyaɗa kai, wani har ya fara tambayar kwantena nawa za a iya bugawa kafin azumi. Na ji kaina ya yi girma.

A cikinsu akwai Hajiya Balkissa, 'yar Maraɗi, wadda ta fi kowa sayen atamfa a wurin. Ta miƙa wa na kusa da ita jakarta, ta ce a sauko mata da yadin. Ta yafa shi a bayanta, ta ɗaura a kan kayanta, ta soke, ta dubi ƙasa. Sai ta dube ni ta ce, "Kai ɗan Kano, wa ya ture maka tuluna?"

Duk sun kwanta, Kawu. Tun daga ƙugu har ƙasa, kowane tulu a kan haƙarƙarinsa, baki a buɗe. Ta juya ta nuna wa sauran, ta ce, "Ku duba min nan. Wace mata za ta ɗaura ruwa na zubewa ta shiga gidan biki? A ce arzikinta ne ke malala? Ko kyauta aka ba ni, wallahi shimfiɗar tebur zan yi da shi." Mutane suka fashe da dariya, har waɗanda ɗazu ke gyaɗa kai. Ni kuwa na tsaya kamar kazar da aka tsoma a ruwa.

Lawban ba ya jin Hausa, amma dariya ba ta bukatar tafinta. Na ce masa juyawa kawai za a yi, kwana uku ya isa. Ya ce an riga an sassaƙa ƙarafan bugu, kuma shi mai zanen da ya san matan Afirka ya nema, ga shi mace ta nuna ban san yadda suke sa kaya ba. Gaskiya ya faɗa. Da na tambayi takardar zama, ka san kalmar da ya ce.

Abin da ya fi cin raina, uwata ta ɗaura zani a gabana shekara ashirin, ban taɓa kallo ba. Kuma a cikin sauran shidan, huɗu haka na shimfiɗa su.

Na sayi tikiti, ranar ashirin da shida zan taso, kafin a kama ni a taso ƙeyata. Gari duk tutoci da alluna, kowa na murnar wasanni, ni ina ɗaure kaya. Ba zan ɓoye maka ba, na sha cewa a raina da ka aiko littafin da yanzu ina da aiki, don naka ba za su kwanta ba. Wani lokaci in ga kana da gaskiya, wani lokaci in ji kamar kada in zo gaishe ka. Ban san da wace fuska zan shigo Kano ba. Na tafi ɗan kwaikwayo, na dawo ba ɗan kwaikwayo ba, ba mai zane ba.

Ka yafe mini maganar da na yi a watan Mayu. Abu ɗaya nake so ka gaya mini, kuma kada ka saka Bajamushe a ciki. In ci gaba, ko in nemi rumfa a Kwari in manta da fensir?

Ɗanka,
Shitu.


Kano,
14 ga Agusta, 2008.

Ɗana Shitu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ban sani ba ko takardar nan za ta same ka ko za ku saɓa a hanya, na dai ba wani mai tafiya. Maganar Mayu ta wuce.

Gaskiyarka ne, da na aiko littafin da ka zauna. Na sani ni na ja maka asarar zaman China. Ban yi nadama ba, amma kada ka ɗauka abin ya yi mini daɗi. Kwana biyu Yalwa ba ta yi mini magana ba, ta ce taurin kaina ya fi na kunnena.

Nawa ba za su kwanta ba, ka ce. Shekarar da na dawo daga Jamus, zanena na farko fitilu ne. Yadi dubu uku aka buga, duk a kwance. Matan Kwari suka sa wa atamfar suna "kananzir ya zube", suna nuna ni a hanya. Ban taɓa gaya maka ba, don girman kai. Da na gaya maka a zaure, da ba ka sha wannan ba. Wannan laifina ne, kuma ya fi na littafin.

Ka ce kada in saka Bajamushe, to na ajiye shi. Ni ma ba zan yanke maka hukunci ba, don ba ni ke ɗaura zani ba. Na ɗauki kwafin da ka aiko na juya shi, gindin tulu ya dubi ƙasa, na miƙa wa Yalwa ban ce na wane ne ba. Ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe. Sai ta ce in aka buga wannan za ta saya da kuɗin adashinta, ba sai an ba ta ba.

Shekara arba'in da ɗaya muna tare, zanena sau biyu kawai ta faɗa wa haka.

Ka taho da duka bakwai ɗin, kada ka yaga ko ɗaya. Ta ce ita za ta ɗaura maka.

Kawunka,
Munkaila.